Mangwaron Bayan Katangarmu

Bana ruwa ya makara. Kullum da la'asar sai hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani, mata su kwashe shanya a guje, sannan iska ta taso ta watsa shi kamar ba a yi ba. Jikokina sai ƙorafin zafi suke yi, alhali suna zaune ƙarƙashin fanka, kowa da ledar ruwa mai ƙanƙara a hannu. Nakan dube su in yi shiru, don da na buɗe baki za su ce Hajiya ta fara. To, yau dai na fara ɗin. Duk shekarar da hadari ya riƙa yi mana irin wannan wasa, zuciyata Illela take komawa, shekarar da aka rufe boda aka canza kuɗi. A lokacin ni matar malamin firamare ce, ina goyon ɗan farina.

Gidanmu yana cikin gidajen malamai, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, katangar bayanmu kuma ita ce iyakar makaranta. Ni 'yar malamin allo ce daga Sakkwato. A kulle na tashi, a kulle na zauna gidan miji, ban kuma taɓa jin an tauye ni ba. Saboda haka makarantar nan da kunne na san ta. In kuma son gani ya ci ƙarfina, sai in kifa turmi a gindin katanga in hau in leƙa, in sauka kafin wani ya ɗaga kai. Malam, maigidana, ya sani sarai. Yakan dai ce turmin gidan nan ya fi na kowa yawo.

Da safe ba abin da ake ji sai karatun haɗa baki da ƙarar bulala jefi-jefi. Da azahar a tashi, wuri ya yi tsit. Amma da an sallame sallar la'asar makaranta sai ta sake farkawa, kuma wannan ta yamma ita ce tawa. Wasu ranakun ƙwallo ne, ana jin usur ɗin Malam Sahabi, maƙwabcinmu, yana hurawa kamar zai tsage. Wata rana 'yan mata ne ke koyon saƙa a gindin dogonyaro wajen wata malama, suna waƙa suna gulmar juna. Ranar Alhamis wasan kwaikwayo suke gwadawa, har na haddace maganganun kowa, ina daka ina ba mai unguwan wasan amsa kafin ya buɗe baki. Ba wanda ke biyan malaman nan ladan yamma. Suna da ƙoshi, suna da lokaci, gidajensu na nan kusa, sai su fito.

Rabon Malam a cikin wannan shi ne lambu, shi kuwa ba shi da ranar hutu. Wani tsoho mai fadama a Kalmalo ya ba shi dashen mangwaro mai aure, ya ɗauko su a kwando bisa keke, ya jera su sahu-sahu tun daga bayan katangarmu har zuwa rijiyar makaranta. Kowane yaro na manyan azuzuwa yana da bishiyarsa, in ya gama makaranta ya bar wa ƙanensa. Mutanen gari sun yi masa dariya. Mangwaro a kan wannan yashi? Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Shi kuwa sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar ina aji.

"Luba, bazara ukku ɗai shika so. In yat tsallake ta ukku, saiwatai ta kai ga laima, ba shi ƙara neman kowa. Sai dai mu mu neme shi."

Wahalar da ya sha ba ta dashen ba ce, ta iyayen yara ce. Rijiyar nan tana da zurfi, in ka leƙa sai ka ga ruwan can ƙasa kamar bakin ƙoƙo. Ba uban da ya yarda ɗansa ya koma makaranta da yamma ya tsaya bakinta, balle 'ya mace. Malam ya bi zaure-zaure yana lallashi, har ya ɗauki alkawari gaban dattawan unguwa cewa ba yaron da zai taɓa guga sai da malami tsaye a bakin rijiyar. Ya sa maƙeri ya yi mata murfin ƙarfe da kwado. Da safe makaranta da maƙwabta su ɗiba har sai guga ya fara kawo laka, da azahar a kulle ta ta tara ruwan yamma, na lambu ke nan. Mabuɗin a ɗakinmu yake kwana, rataye a ƙusa.

Da ƙarar murfin nan nake sanin lokacin ɗora tukunya. Sai a ji ƙararrau, sai faɗuwar guga, sai gudun yara da gwangwanaye da bokitai, sai muryar Kulu sama da ta kowa. Kulu 'yar wani mai canjin sefa, kuɗin Nijar, ce a bakin boda, siririya kamar tsinke, amma har maza tsoronta suke ji. Ita ke tsara layi, ita ke kama wanda ya zubar da rabin ruwansa a hanya. Da sun gama, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya hauro katanga ya same ni a madafa. Bazara biyu suka haye a haka. Bishiyoyin suka kai ƙirjin babban mutum, suna fitar da sabon ganye ja-ja mai laushi. Saura ɗaya.

A farkon bazara ta uku ne labari ya zo daga sama cewa an sallami duk malamin da ba shi da takardar horo. Malam Sahabi na ciki, malamar saƙa na ciki. Ta katangar gefe na ji kukan matar Malam Sahabi, washegari aka loda kayansu a amalanke, har da akurkin kaji. Mutumin nan ya yi shekaru yana gudu da yaran mutane a rana, ba wanda ya tambaye shi takarda sai ranar.

Yaran sun gwada yin ƙwallon su kaɗai. Ba a jima ba faɗa ya kaure, sannan ƙaya ta huda ƙwallon, ba mai liƙe ta. Waƙar 'yan saƙa ta ɗauke. Wasan kwaikwayo kuwa a tsakiya ya tsaya, daidai inda aka kai ƙarar ɓarawon akuya gaban mai unguwa, har yau ban san hukuncin da aka yanke masa ba. Ina jin makarantar yamma tana mutuwa sauti bayan sauti, ni kuwa ina tsakar gida da taɓarya a hannu.

Malaman da suka rage aka rarraba su. Aka ce Malam ya yi darasin safe a nan, da azahar ya hau keke ya tafi wani ƙauye ta wajen Darna inda ba a bar malami ko ɗaya ba, ya koyar da yaran can da yamma. Albashi kuma ya koma sai an ga dama. Ba mai cewa uffan, don kowa na ganin abin da ya sami Malam Sahabi. Ranar da ya fara tafiya, ya tsaya ya dubi mabuɗin a ƙusa ya daɗe, sannan ya fita.

Da la'asar na ji sallama a ƙofar gida, muryoyi da yawa, gwangwanaye na ƙara.

"Inna, Malam na nan?" Muryar Kulu ce.

"Ba shi nan, ya tahi ƙauye. Bai hwaɗa muku ba?"

"Ya hwaɗi. To a ba mu mabuɗin mu yi da kanmu. Wallahi ba mai leƙawa, ni ka tsare bakin rijiyar."

"Ke malama ta?"

"A'a, Inna."

"To ba ni badawa. Ku tahi gida."

Ba su tafi nan da nan ba. Ina jin numfashinsu ta bayan asabari. Sun dawo washegari, sun dawo jibi, kullum maganar ɗaya. Wata rana Kulu ta ce da ni a hankali, ba irin muryarta ba, "Inna, ganyen tawa ya hwara naɗewa." Na ce Allah ya kyauta, na koma ɗaki na zauna gaban mabuɗin kamar mai gadin gawa. Ban bayar ba, kuma ko yau aka sake ba zan bayar ba. Na san zurfin rijiyar nan, na san yadda yara ke tura juna.

Malam kan dawo bayan magariba, ƙafafunsa fari fat da yashi, don rabin hanyar tura keken ake yi. Ya sha ruwa, ya ɗauki mabuɗi, ya fita ya ja abin da ya iya kafin duhu ya hana. Amma aikin da yara masu yawa ke yi suna dariya, mutum ɗaya gajiyayye guga nawa zai ja? Yau ya ba wannan sahu, gobe ya ba wancan. Asabar da Lahadi ne kawai murfin ke yin ƙararsa a kan lokaci, yara su zo su shayar da bishiyoyin har su ƙoshi. Yashi kuwa ba ya ajiya. Kafin Talata gindinsu ya bushe ƙayau.

A cikin wannan hali azumi ya kama. Wanda bai yi azumi a ƙarshen bazara a Illela ba, kada ya zo yana ba ni labarin ƙishirwa. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Ruwan randa ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta. Kaji su buɗe fukafukai su saki baki a gindin rumbu, ƙadangare ma sai ya nemi inuwa. Nakan jiƙa zani in lulluɓe jaririn, kafin in juya ya bushe. Harshe ya manne a ganɗa, in an yi maka magana sai ka ga kamar an ɗora maka kaya.

Hatsi ya yi tsada, daminar bara ba ta yi kirki ba. Boda a rufe, kasuwar da ke ci da mutanen Ƙonni ta zama kufai, masu canji suna zaune a kan benci suna korar ƙuda. Duk da rufewar, mutanen tsallaken boda suna gangarowa ta daji da shanunsu, dabba ƙashi da fata, ana sayar da saniya kuɗin tunkiya ba mai saye. A gidanmu tsarin ya koma ɗaya: da sahur tuwon jiya da aka ɗumama, in akwai, da rana in surfa ɗan geron da zan yi kunun tsamiya, da shan ruwa kunu da 'yar fura mai ruwa-ruwa. Ƙosai sai ran Juma'a, daga baya ma ya ɗauke. Nono ya ragu a ƙirjina, yaron ya riƙa tsotsa yana saki yana kuka.

A haka Malam ke hawa keke da azahar, rana na tsakiyar ka, bakinsa da azumi. Na ce masa ya ajiye ya rama, tafiya ce. Ya ce wannan ba ta kai tafiyar da ake ajiye azumi ba. Da ya sha ruwa kuma ya miƙe ya nufi rijiya yana tangaɗi. Rannan na kasa haƙuri.

"Malam, ka bar ni in hita."

Ya juyo. "Ki tahi ina?"

"Bakin rijiya. In sa lulluɓina in tsaya da la'asar, ɗiyan su ja. Ni ba yarinya ba ta, kuma sun san bakina."

Ni da ban taɓa taka ƙofar gida da rana ba sai da dalili mai ƙarfi, ni ce na faɗi haka. Ya daɗe yana dubana. Ina tsammanin faɗa zai yi, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce zai gaya wa hedimasta da safe, don rijiyar ba tamu ba ce.

Da ya dawo tun daga yadda ya jingine keken na san amsar.

"Mi yac ce?"

"Yac ce alkawali malami anka ce, ke kau ba ki cikin ma'aikata. In wani abu yaf faru, ko wani babba yaz zo yag gani, shi za a tambaya. Yac ce shi ma ɗiya gare shi, Luba."

"Shi ya zo ya tsaya mana! Ƙahwa tai ta karye?"

"Aji biyu shika riƙo yanzu. Da yamma kau gona shika zuwa, ko ya samu abin ba iyali."

Na daɗe ina jin haushin mutumin nan. Yanzu da na tsufa na san tsoro ne ya cika masa ciki, irin wanda ya cika wa kowa a shekarar, amma ban ce na huce gaba ɗaya ba.

Yaran ba su daina ba. Suka koma satar ruwa daga randunan iyayensu, kowa da ɗan gwangwanin madara a ɓoye cikin riga. Nakan ji su ɗaya-ɗaya a bayan katanga, ba waƙa, ba layi. Nakan kuma ji labarin dukan da suke sha a gida, don ruwa a lokacin saye ake yi. Ni ma ruwan wanke-wanke da na wankan jariri ta kwatar katanga nake tura shi, ko zai kai ga bishiyar farko. Na hau turmi na duba, ko taku biyu bai yi ba yashi ya shanye.

Sai rijiyoyin unguwa suka fara ƙafewa. Dattawan nan da Malam ya yi wa alkawari su ne suka zo zaure, suna ta kame-kame, suka ce a taimaka a buɗe musu ruwan yamma. Mata na kwana a layi, yara ba wanka. Malam bai bari sun gama ba, ya shigo ya zare mabuɗin daga ƙusa ya kai musu. Abu ɗaya ya roƙa, duk wanda ya ɗiba ya zuba wa bishiya guda ko da rabin guga ne. Suka ce in sha Allahu. Sun yi na 'yan kwanaki. Ban ga laifinsu ba, mai azumi da ya ja ruwa daga wannan zurfi, iyali na jira, ba ya iya kallon sa yana shiga ƙasa.

Azumi ya raba tsakiya aka fita roƙon ruwa, maza da riguna a juye, yara da tsofaffi, har dabbobi aka kora filin. Da yammar hadari ya taso, aka ji ƙamshin ruwa, ɗigo ya faɗo nan da can manya-manya, mutane suka fara kabbara. Iska ta zo ta tafi da shi yamma.

Bayan wannan da kwana kaɗan aka kawo mini Malam a kan jaki. Mutanen ƙauyen ne suka tsince shi a hanya, ya faɗi gefen keke, bai san inda yake ba. Jikinsa kamar garwashi, leɓɓansa sun tsage. Aka kira mai allura ya yi abin da zai yi, ya ce rana ce ta buge shi, a bar shi ya kwanta. Daga nan Asabar da Lahadin ma suka tafi. Makarantar ƙauyen ta rufe, tamu kuma aka ba da hutun Salla da wuri.

Gida ya ƙare. Itace ya ƙare, na koma kara, kara ya ƙare na koma kashin shanu, shi ma ya yi wuya don kowa nema yake. Aka kai ga ba na hura wuta sam. Garin rogo nake jiƙawa da ɗan gishiri, sai furar da matar limamin unguwa ke aiko mana a ɓoye don kada mu ji kunya. Murhuna ya yi sanyi har kaza ta samu wurin kwanciya a ciki. Na hau turmi sau ɗaya a kwanakin nan, na ga ganyen duk ya zube, sandunan kawai a tsaye sahu-sahu. Na sauka ban sake hawa ba, ban kuma gaya wa Malam ba.

A goman ƙarshe zazzaɓin ya sauka. Wata safiya ya ce in ba shi sanda. Na hana, ya ƙi ji, ya fita yana dafa bango. Na zauna ina jiran ya dawo da karyayyar zuciya. Sai ga shi ya shigo yana haki, fuskarsa da wani haske da na daɗe ban gani ba.

"Luba, da ransu!"

"Su wa?"

"Itatuwan. Na kankare ɓawon da akaihwa, ciki kore shar. Biyu ko ukku ɗai sunka tahi. Sauran ganye sunka zubar don su rage sha. Ruwa guda ɗai suka jira."

Ya kwanta yana murmushi. Ya ce bayan Salla, in ya ji ƙarfi, zai tara yaran ya nuna musu. Ba yaro ko ɗaya a lambun da safiyar nan, makaranta na hutu, yammar da yakan gaya musu irin waɗannan abubuwa kuwa an daɗe da ɗauke ta. Ni kaɗai ya gaya wa.

Ran jajibirin Salla da hantsi na ji motsi a bayan katanga. Sawun yara da yawa, ƙarar fartanya, da muryar Kulu tana ba da umarni kamar da. Raina ya yi fari. Malam ya koya musu yi wa kowace bishiya gurbi kafin damina don ruwa ya taru a gindi, na ɗauka shi suke yi. Na leƙa ɗaki na ce, "Malam, ɗiyanka sun dawo aiki." Ya buɗe ido ya saurara, ya ce Allah shi yi musu albarka, ya koma barci. Ni kuma jaririn ya tashi da kuka, na shiga rarrashi.

Da la'asar aka yi sallama. Na ɗaga asabari kaɗan. Sun cika ƙofar gida, sun wanke fuska, sun jeru, kowa da ɗan dami a ka. Kulu na gaba.

"Inna, mun ji an ce an kwana biyu ba a ga hayaƙi gidan Malam ba, gobe kau Salla. Shi na munka ce, tun da itatuwan sun mutu, gara su yi ma Malam amfani da a bar ma gara." Ta sauke nata a hankali. "Har saiwa munka tono, Inna. Ita ta hi daɗewa ga wuta."

Na san wannan al'ada, a cikinta na girma. Ɗalibi ba ya barin murhun malaminsa ya mutu, tun muna yara nake ganin ana shigo wa mahaifina da itace. Abin da aka koya musu a gida suka yi.

Ban san Malam ya taso ba sai da na ji shi a bayana. Ya wuce ni ya fita, ya tsaya a kan sandarsa. Yaran suka durƙusa suna gaishe shi da jiki, suna murna sun gan shi a tsaye. Ya sunkuya ya zari ɗaya daga damin Kulu. Daga inda nake na ga ya sa farce ya kankare ɓawon. Kore ne, har da danshi. Ya rufe wurin da tafin hannunsa.

"Dukkansu na?"

"Dut, Malam. Ba mu bar ko guda ba."

Ya gyaɗa kai. Yaran suna ta kallon bakinsa.

"Kun kyauta," ya ce. "Allah shi yi muku albarka. Allah shi ba ku masu yi muku."

Suka amsa da amin mai ƙarfi, suka shigo da damman zaure suka jera.

Ruwa ya sauka bayan Salla ba da jimawa ba, mai yawa, ya cika ramukan da suka bari. Daminar ba ta yi albarka ba, amma wannan na farkon ya isa. Daga baya an gyara wasu abubuwa, an kawo sababbin malamai, albashi ya ɗan daidaita, sai dai kowa ya riga ya koyi neman abin yi da yamma, ba wanda ya koma. Malam ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya, bai sake dasa ko barkono ba. Kulu ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, takan zo gaishe shi da goro, har ya bar duniya bai gaya mata ba. Ni ma ya hana ni.

A yammar jajibirin nan dai, bayan ya shigo ya zauna bakin gado, na ce masa zan ɓoye itacen a bayan ɗaki.

"A'a. Ki dahwa da shi. Ba ki ji su ba? Suna nan waje."

Na kasa kunne. Suna bayan katanga, suna raɗa, suna jiran su ga hayaƙi.

Na kori kazar, na jera itacen a murhu, na kunna ashana. Ya ƙi kamawa. Na hura har kaina ya yi jiri, bakina da azumi. Sai tsuwa yake yi, ruwa na tsattsafowa ta bakin kowane guntu yana kumfa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun farkon bazara, na toshe bakina da gefen zani don kada su ji. Sannan na tashi na ɗauko fitilar ɗaki, na juye ɗan kananzirin da ya rage a kai, na sake kunnawa.

Hayaƙi ya tashi fari, mai kauri, mai yaji, ya haye katanga. Na ji sun yi sowa suna tafi, Kulu na cewa, "Ga shi nan, ya kama!" A cikin ɗaki Malam ya juya fuskarsa bango.